Masu Tafiya Gabas

Yammacin da abin ya fara bai bambanta da sauran ba. Batulu tana tsugune gaban murhu tana zuba kisra, siririyar wainar dawa, a kasko, hayaƙi yana cin idonta, rana kuma ta riga ta sauka bayan duwatsun Gadarif na ƙasar Sudan ta bar ja-ja a gefen sama. Kaka ce. An gama yankan dawa a Gadambaliya, motocin ɗaukar buhu suna ta wucewa can bakin titi, akuyarta tana tuƙa a gindin zana. Da a ce wani ya gaya mata daga wannan yammacin za ta manta yadda ake cin abinci da daɗi, da ta ce masa ya nemi tsari.

A ƙarƙashin rakuba, wato rumfar tsakar gida, mijinta Ɗahiru yana durƙushe yana fama da jirginsa. Ɗahiru ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyaran kan jirgin ƙasa, wanda a nan ake ce wa gatar. Da shekaru suka ja aka sallame shi, sai ya dawo gida da hannuwa biyu da ba su iya zama ba. Wata rana ya shigo da wani mataccen jirgin wasa mai bututun hayaƙi da ya tsinto wajen masu sayar da tsoffin ƙarafa, ya ce zai mai da shi dizal irin wanda ya sani. Ya cire tukunyar hayaƙin ya yar, ya bar ƙafafun. Gangar jiki ya bugo ta daga gwangwanin man inji. Ragar tsohuwar rediyo ta zama tagogin shan iska, injin mataccen rakoda ya shiga ciki, ƙwan tocila ya hau goshi. Layin dogo kuwa da ƙarfen ɗaurin dila ya yi shi, ya kafa a kan guntayen katako. Da yake tsakar gidan ba faɗi, sai ya lanƙwasa layin ya haɗa kansa da wutsiyarsa, ya zama zobe.

Abu ɗaya ya rage masa, ƙaho. Shi ma a ranar ya samo shi: wani ɗan bututun tagulla da tsanwa ta cinye, bakin tsohuwar buta.

"Abu Huseina, a ina ka samo wannan?" in ji Batulu, da yake da sunan 'yarsu take kiransa.

"Bayan tasha. Gindin aduwar nan."

"Ta zangon alhazai?"

"Ita. Ruwan bana ya tone ƙasa, na gan shi yana leƙe."

Batulu ta dakata da aikin. A gindin aduwar nan ne mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa suke sauka a da, suna jiran hanyar Makka. Kakarta Mero a nan ta sauke kayanta, ba ta ƙara ɗauka ba har ta bar duniya. Wasu sun wuce, wasu sun zama manoman dawa da riɗi, wasu kuwa suna kwance a ƙasan wurin ba ko alama.

"Ka mayar da shi. Ba a ɗaukar abin gindin aduwa."

"Ke komai tsoro. Tagulla ce fa, ba ƙashin mutum ba."

Ya goge shi da toka, ya liƙa shi a rufin jirgin da dalma.

Huseina tana zaune kusa da shi tana dariya. Ita kaɗai Allah ya bar musu cikin duk haihuwar da Batulu ta yi, budurwa ce doguwa mai surutu, ita ta shafa wa jirgin fenti shuɗi da ratsin rawaya.

"Yumma, miƙo min moya, hannuna duk fenti," ta ce wa uwarta.

"Ruwa ake cewa. Sau nawa zan gaya miki? Hausarki rabi Larabci, kamar miyar da aka tsinka."

"Moya, ruwa, duk jiƙa mutum suke yi."

"Tashi ki ɗiba da kanki. Ni bari in yi alwala in kalli gabas, an kusa kira."

"Yumma da gabas ɗinta! Kullum arewa kike kallo, kina ce mata gabas."

"Haka kakata ke faɗa, haka zan faɗa har in mutu."

Ɗahiru ya zura batura ya danna. Jirgin ya yi ɗan tari, ƙwan goshinsa ya kawo haske, ya soma tafiya a kan zobe, cak-cak, cak-cak. Tsoho ya tafa kamar yaro. Huseina ta yi tsalle ta miƙe. Ta tuna labarin da uwarta ke ba ta na yadda madugun ayari ke tada mutane a zango, sai ta haɗa hannuwa biyu a baki, ta juya wajen ƙofar gida, ta ɗaga murya iya ƙarfinta:

"Masu tafiya gabas, a ɗaura kaya! Gatar zai tashi! Ba tikiti, kowa ya shiga!"

"Ke!" Batulu ta saki buta. "Ba a kira da magariba! Ce bismilla, maza!"

Huseina ba ta ce ba, dariya ta hana ta.

Daga nan sai shiru ya sauko. Akuya ta bar tuƙa. Motocin bakin titi kamar an ɗauke su. Batulu ta ga jirgin ya rage gudu, ƙafafunsa suna kuka a kan ƙarfe, katakon ƙasa yana nutsewa cikin baƙar ƙasa kamar an ɗora masa buhunan dawa. Wani wari ya cika rakuba, warin tsohuwar salka da gumin mutanen da suka daɗe a hanya. Sai jirgin ya zabura. Ya zagaya, ya zagaya, ya ƙara zagayawa, har shuɗin da rawayan suka haɗe. Ana cikin haka ladan ya buɗe baki, kuma tare da kabbarar farko dutse ya faɗo a kaskon kisra ya raba shi biyu.

Batulu ta sa hannu ta ɗauka, ta yar da shi nan take. Tsakuwar layin dogo ce, mai kaifi, da zafi kamar daga wuta aka ciro ta, tana warin baƙin mai.

Tun daga ranar, magariba ta zama abin gudu a gidan. Da rana ta karkata sai jifa ya fara, ba daga waje ba, daga sama, daga cikin jinka, wani lokacin daga ƙarƙashin gado. Ya fasa randa, ya fasa gilashin fitila, ya tsaga wa Ɗahiru gira. Maƙwabta suka hau katanga da sanduna suna neman mai jifa, aka sauko da su ɗaya bayan ɗaya da jini a ka. Ɗahiru ya cire batura, jirgin bai tsaya ba. Ya sa shi a akwatin ƙarfe ya danna kwaɗo. Washegari da yamma suna kallo murfin akwatin ya yage kamar takarda, jirgin ga shi a kan layi yana zagaye, fitilarsa na ci. Da ya ɗauko guduma ya ce zai farfasa shi, aka ji muryoyi a cikin zana, na tsofaffi, maza da mata, suna gunaguni ƙasa-ƙasa irin na fasinjojin da aka ɓata wa lokaci. Hannunsa ya ƙi ɗaguwa. Da gari ya waye akuyar Batulu tana kwance gindin zana, wuyanta a murɗe, fuskarta tana kallon bayanta.

Sai abin ya koma kan Huseina.

Da tsakar rana ne, Batulu tana tsince shinkafa, ta ga yarinyar ta fito daga ɗaki ba kallabi, idonta a buɗe amma ba ya ganin kowa. Ta tsaya a bakin zoben, ta ɗaga ƙafa, ta soma bin jirgin. Yana zagayawa, tana zagayawa.

"Huseina, rana fa. Shigo inuwa."

Ta ci gaba da zagaye. Batulu ta riƙe mata zane, sai ta ji kanta a ƙasa, bakinta cike da jini. 'Yar da ta goya ce ta maka mata gwiwar hannu ba ko waiwaye. Ɗahiru ya rugo ya tare gabanta. Huseina ta sunkuya ba tare da ta rage tafiya ba, ta ɗauki gudumar nan da ya yar, ta sauke ta a bayan hannunsa na dama. Batulu ta ji ƙarar ƙashi daga inda take kwance. Tsoho ya durƙushe yana salati, yarinyar ta tsallake shi ta ci gaba.

Maza uku na unguwa suka kama ta, ta watsar da su kamar kaji, ɗaya har ya bar haƙori a tsakar gidan. Aka samo mai allura ya zo ya yi mata ta barci, allurar ta lanƙwashe a dantsenta. Aka ɗaure ta da igiya a jikin gado, ta ja gadon ta fito da shi tana zagaye, har ƙafar gadon ta karye. Ba ta ci, ba ta sha. Tafin ƙafarta ya tsage, ya ƙara tsagewa, jini ya zana nasa zoben a gefen na ƙarfe. Kwana da kwanaki Batulu tana biye da ita da kwanon ruwa, tana lallaɓa shi kusa da leɓenta da ya bushe ya dare, ana kaɓe shi. Wuyan yarinyar ya rame har ana ganin jijiya tana harbawa. Duk uwar da ta taɓa jinya ta san kamannin da fuska ke yi in rai ya soma tattara kaya, Batulu kuma ta ga kamannin nan sau da yawa, ba sai an gaya mata ba.

Maƙwabciyarta Adda Zuwaira ce ta ja ta gefe.

"Batulu, kuka ba zai tsai da ita ba. A aika garin Shuwak a ɗauko Faki Sharu, malamin nan mai fitar da aljanu. In shi bai iya ba, to sai a nemo likkafani."

"Adda, ki rufa mini asiri da wannan magana."

"Gaskiya nake gaya miki. Ki duba ƙafarta."

Faki Sharu ya iso a bayan motar riɗi, ya kwana a masallacin unguwa, ya shigo gidan bayan sallar asuba, gari ya fara fari. Ɗan ƙanƙanen tsoho ne mai ido ɗaya da ya yi fari, ba ya ɗauke da komai sai carbi da 'yar jakar turare. Ya tsaya a bakin zaure ya daɗe yana kallon jirgin da yarinyar, kansa yana bin su a hankali. Dutse ya wuce ta gefen kunnensa, bai kauce ba.

"Wa ya yi wannan aiki?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam," in ji Ɗahiru, hannunsa a ɗaure da tsumma da kara.

"Ka iya aiki. Wannan bakin butar kuma fa?"

Ɗahiru ya sunkuyar da kai. Batulu ce ta faɗa masa komai, daga aduwa har kiran magariba.

Faki ya zuba turare a garwashi, ya shiga cikin zoben ya tsaya a kan hanyarta, ya soma karatu da murya ƙasa-ƙasa. Da Huseina ta iso gabansa sai ta ci karo da abin da ba a gani, ta ja da baya. Ta yi kururuwa, ta kai masa yakushi, ta yage masa kafaɗar riga har fata. Bai tsaya ba. Yana karatu yana matsawa, tana ja da baya tana huci, har ya shigar da ita ɗakin Batulu ta faɗi a kan tabarma. Adda Zuwaira da Batulu suka danne mata ƙafafu. A waje jirgin yana ta zagaye, an bar Ɗahiru yana gadinsa.

"Assalamu alaikum," in ji Faki. "Wane ne a jikin baiwar Allah?"

Bakin Huseina ya buɗe. Muryar da ta fito ta tsoho ce, mai kauri, a gajiye. Abin da ya fi razana Batulu ba kaurin ba ne. Hausar ce, tsantsa, ba ɗigon Larabcin Sudan a ciki, irin wadda rabonta da jinta tun rasuwar kakarta.

"Wa alaikumus salam. Cindo nake. Ni ke jan mutanena."

"Musulmi ne kai, ka amsa sallama."

"Tun kafin a haifi kakanka."

"To Musulmi ne ke zubar da jinin Musulma a gidan ubanta?"

"Musulmi ne ke yi wa matafiyi ƙarya?" Idon yarinyar ya juye, fari kawai ya rage. "Mun biyo ayarin mutane tun daga bakin kogin Komadugu. Inda suka sha muka sha, inda suka binne muka tsaya. A gindin aduwa suka ce mana a jira, gobe za a tashi. Suka yi gonaki. Suka yi 'ya'ya. 'Ya'yan suka manta sunan ruwa. Mu muna nan muna gadin butar madugu, muna jira a kira. Sai aka ɗauki butar, aka kira. Da bakin wannan yarinyar aka kira. Ta ce masu tafiya gabas a ɗaura kaya. Muka ɗaura. Da tsofaffinmu da masu goyo muka shiga. Ka tambaye su ina suka kai mu!"

Jikin Huseina ya banƙare, kanta ya bugi ƙasa da ƙarfi. Batulu ta tura cinyarta ƙarƙashin kan.

"Muna tafe, muna tafe, mu leƙa mu ga fasasshiyar randar nan. Mu ƙara tafiya, mu leƙa, randar nan. Wasa ake yi da mu. To wadda ta kira ita ce madugu, ta taka yadda muka taka har ƙafarta ta ƙare."

"Wallahi ba ta sani ba!" Batulu ta fashe da kuka. "Yarinya ce, wasa take yi. Baba, ka ɗauke ni, ni ce jikar Mero, ni na ba ta labarin."

"Mero mai ɗingishi. Na san ta. Ba ke kika kira ba."

Faki ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ya matso da turaren kusa, ya ƙara karatu, muryar ta yi ihu, ƙaurin gashi mai ƙuna ya cika ɗakin.

"Cindo, ina iya ƙona ka, ka sani."

"Ka ƙona. Kafin in ƙone na karya wuyanta kamar na akuya. Ka ga akuyar ai."

Faki ya janye turaren.

"To mu yi magana irin ta mutanen kirki. An zalunce ku, ban musa ba. Me zai raba ka da ita?"

"Ta ja mu da ƙafarta har ɗakin Allah."

"Ba za ta kai bakin gari ba za ta mutu, ku koma jira. Ga jirgi kuna ciki. In aka kwance zoben nan aka miƙar muku da hanya, aka bar muku jirgin halak malak, za ka sake ta?"

Sai aka ji gunagunin tsofaffin nan a cikin jinka, kamar ana shawara.

"Hanya miƙaƙƙiya, ta kalli gabas. Kafin rana ta rabu da kan katanga. In aka sake yi mana ƙarya, ba magana kuma."

"Ka rantse."

"Na rantse da Wanda muke nufin ɗakinSa."

Faki bai iya ɗaga hannunsa daga goshin yarinyar ba, sai ya ɗaga murya: "Ɗahiru! Kwance zoben! Miƙar da layin, ya kalli gabas! Maza!"

Jirgin ya tsaya cak, karon farko tun ranar nan. Batulu tana jin mijinta a waje yana ɓamɓare ƙusa da hannu ɗaya, yana nishi, yana taka ƙarfe da ƙafa don ya miƙe. Ɗahiru mutumin layin dogo ne. Da aka ce masa gabas, sai ya ɗaga kai ya ga gefen rana ya ɓullo ja a kan katanga, ta wajen garin Basunda. Ya jera katako, ya saita ƙarfen da ido daidai tsakiyar ranar, ya ɗora jirgin.

"An gama, Allah gafarta Malam!"

Cak-cak, cak-cak. Jirgin ya yi 'yar tafiya kaɗan, sai ya tashi sama ya faɗi a gefe.

Abin da ya biyo baya, Adda Zuwaira har ta tsufa ba ta yarda a tambaye ta. Huseina ta tashi daga tabarma ba tare da ta dafa ƙasa ba, ta bugi bango, ta dawo ta bugi ɗayan. Adda ta faɗa kan kwanuka, Faki ya kife, goshinsa ya fashe a bakin gado, ya rarrafo ya sake cafke kan yarinyar da hannu biyu. Duwatsu suka ɓarke a tsakar gida kamar ƙanƙara.

"Ƙarya!" muryar ta yi ruri. "Ƙarya kuma! Ƙarya!"

Sai kan Huseina ya soma juyawa. A hankali yake juyawa, kafaɗunta suna nan inda suke. Faki yana riƙe da shi, jijiyoyin hannunsa sun miƙe, yana karatu jini na shiga bakinsa, amma kan yana ci gaba da tafiya. Batulu ta ji ƙashin wuyan yana ƙas, ƙas.

Ta ruga bakin ƙofa don ta yi wa mijinta ihu, ba ta ma san me za ta ce ba. Ta ga layin a miƙe yana nuna rana. Ta ga rana saura ƙiris ta rabu da katanga. Sai idonta ya faɗa kan buzun sallarta, yana shimfiɗe a gefen rakuba inda ta bar shi da asuba, kansa yana kallon wani wuri daban. Nan take ta ji hannun kakarta Mero a kafaɗunta, ranar da ta fara koya mata salla, tana juya ta tana cewa, "Kalli gabas." Ita kuma ta ce, "Kaka, ai rana can take fitowa." Mero ta dungure mata kai ta ce, "Wa ya aike ki wajen rana? A gida Makka da rana ƙofa ɗaya suke fitowa. Nan mun yi tafiya, sun rabu, sunan ne bai rabu ba."

"Abu Huseina! Ba gabas ɗin rana ba! Alƙibla! Alƙibla suke nufi!"

Bai ji ta ba. Yana kwance ya rufe kai da hannu mai lafiya, duwatsu na sauka a bayansa. Batulu ta fita cikin jifan. Dutse ya same ta a kunne, duniya ta yi mata shiru ta gefe guda. Wani ya same ta a ƙirji. Ta kama ƙarfen ɗaurin dila da hannu tsirara ta fizge, kaifinsa ya shige tafinta har ta ji sanyinsa a ƙashi. Ta ja shi da katakon duka, tana jan gwiwa, ta kai gindinsa jikin buzun, ta daidaita shi da gefen buzun kamar mai daidaita sahu. Bakin layin ya tokari zanar madafinta. Ta tashi ta faɗa wa zanar da jikinta gaba ɗaya, ta faɗi tare da ita, ta ture tukwane da ƙafa. Hanya ta buɗe har fili, arewa da ɗan karkata.

Ta ɗauko jirgin. Nauyinsa kamar na jaki, zafinsa ya ɗaye mata fata, amma ta ɗora shi, ta lalubi ƙafafunsa ta zaunar da su a kan ƙarfe yadda ta sha ganin mijinta na yi. Sannan ta haɗa hannuwanta masu jini a baki.

"Bismillahi! Masu tafiya gabas, ga hanya! Allah ya kai ku, ku sakar mini 'ya!"

Jifa ya tsaya. Dutsen ƙarshe ya faɗo a hankali ya gangara gefe.

Bakin butar nan da ba a taɓa jin sautinsa ba ya yi kuka, dogo, siriri, irin na jirgin da ke barin tasha. Fitila ta kama. Ƙafafu suka motsa. Jirgin ya bi layin, ya wuce kan zanar da ta faɗi, ya kai inda ƙarfe ya ƙare, bai tsaya ba. Ya ci gaba a kan baƙar ƙasa mai tsage-tsage kamar akwai layi a ƙarƙashinsa. Warin salka da gumi ya bi bayansa. Ɗahiru ya ɗago kai yana kallo har ɗan shuɗin ya shige cikin karan dawa, bai ce a bi shi ba.

Batulu ta koma ɗaki da rarrafe. Faki Sharu yana zaune jingine da bango yana toshe goshinsa da gefen rawani. Huseina tana kwance, kanta ya dawo daidai, idonta a rufe, ba a ganin ƙirjinta na motsi.

"Cindo ya yi sallama kafin ya fita," in ji Faki. "Ni ma da na ce gabas, alƙibla nake nufi. Ban tuna mijinki mutumin tasha ne ba."

Batulu ba ta saurare shi ba. Ta ɗora kan 'yarta a cinya tana kiran sunanta, tana shafa wuyan da ya kumbura ya yi baƙi. Can sai fatar idon ta motsa. Leɓen ya buɗe. Batulu ta sunkuyo kusa, don ba ta san wace murya za ta fito ba, ko wace irin Hausa.

"Yumma," in ji Huseina, da ƙyar ake ji. "Moya."

Adda Zuwaira ta miƙo kwano. Batulu ta karɓa, jininta na ɗiga a ciki, ta kai bakin yarinyar.

"Ga moya, 'yata," ta ce. "Ga moya. Sha a hankali."